Sunan da Inna Ta Faɗa Sau Ɗaya

Ni mace ce mai mantuwa, ban kuma taɓa ɓoye haka ba. Jikokina sun mai da ni abin tsokana, don sau da yawa nakan tayar da gida ina neman tabarau alhali yana kan goshina. Amma akwai wata ranar Alhamis a unguwarmu ta Kilomita Biyar, cikin shekarun da sojojin Bangui suka yi ta bore, wadda ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin za ta fita daga kaina. Har yau in na ji ana buga maɓallan kwamfuta, a banki ne ko a asibiti, sai ranar nan ta dawo min.

A lokacin wata tara ke nan da aurena, ina ɗauke da cikin wata bakwai. A unguwar Kokoro aka haife ni, Sango, yaren ƙasar, ya fi Hausa sauƙi a bakina, har surukata, wadda muke kira Inna, takan ce Hausata ba gishiri. Su asalinsu mutanen Damagaram ne, sun daɗe a Bambari kafin su dawo Bangui, kuma Inna ta riƙe al'adar gida da hannu biyu. Maigidana ɗanta ne na fari, sannan sunan kakansa aka sa masa, wato mahaifin mijinta. Kunya ta zama biyu ke nan: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan surukinta. Ko da gemu ya cika masa fuska, "yaron nan" take ce masa. Sauran jama'a kuwa, daga kasuwa har masallaci, da sunan ranar da aka haife shi suka san shi, shi ne ma a rubuce a allon shagonsa. Ni da tawa kunyar, "maigidan" nake cewa. Ban taɓa ganin katinsa ba, ban taɓa tambaya ba, na ɗauka abin da ke kan allon shago shi ne ke kan takarda.

Ƙasarmu ba ta da layin dogo ko taƙi ɗaya. Ni a lokacin ban taɓa ganin jirgin ƙasa da idona ba, amma rabin abin da muke ci muke sawa a bayansa yake zuwa. Kaya sukan sauka a Duwala, a loda su a tarago har tashar Belabo a cikin Kamaru, daga nan motoci su kwaso su zuwa Bangui. Maigidan ya daɗe yana burin ya mallaki mota tasa ta kansa. Kayan gidan duk da sunan baffansa suke shigowa, shi dai ɗan aike ne. A wannan karon ne ya tafi Duwala ya sayi kat-kat, motar shiga daji mai buɗaɗɗen baya, ya yi mata takardu da sunansa. Ranar Litinin ya bugo waya wani shago a unguwa aka kira ni, muryarsa cike da murna, ya ce an ɗora motar a tarago, ranar Alhamis bayan azahar za ta isa Belabo, shi ma yana biye da ita a jirgin fasinja. Ya ce da ya sauke ta ba zai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gida, in shirya shiga gaban mota.

Ranar Talata aka fara harbi. Mun riga mun san yadda abin yake, don ba shi ne na farko ba: a ja ƙofofin shaguna, a tara ruwa a duk abin da zai iya riƙe ruwa, a shiga ɗakin da ya fi nisa da titi. Amma wannan karon wani abu ya ƙaru, sojoji suna neman motoci masu buɗaɗɗen baya ido rufe. Ranar Laraba da hantsi suka zo wa maƙwabcinmu, wani dattijo mai sayar da sukari buhu-buhu, suka ce ya ba da makullin motarsa. Ina leƙe ta tsagar ƙofar gidanmu. Bai zage su ba, bai ɗaga hannu ba. Cewa kawai ya yi su bari ya sauke kayan da ke ciki, ya kuma maimaita, ya riƙe makullin a bayansa. Abin da ya yi ke nan. Bayan sun tafi da motar, takalminsa ɗaya ya daɗe a tsakiyar hanya ba wanda ya iya zuwa ya ɗauke. Mutum shida kacal suka kai shi makwancinsa bayan la'asar.

Da yammacin nan Inna ta ƙi cin abinci. Ni ina ta lallashin kaina da cewa ai labari zai riske shi a hanya, in ya ji ana harbi zai dakata a kan iyaka. Da na faɗa mata haka sai ta dube ni kamar na yi maganar yara.

"Ke ba ki san abin da na haifa ba," in ji ta. "In ya ji ana harbi a Bangui, ga uwarsa ga matarsa da ciki, ƙara wuta zai yi. In kuma suka ce ya ba da makulli, sai ya yi musu. Ubansa ma haka yake."

Gaskiya ta faɗa, na kuma san gaskiya ce. Mutumin da ya yi shekaru yana mafarkin motar nan ba zai miƙa makullinta da hannu ɗaya ba. Abin da zai tsayar da shi ɗaya ne, maganar Inna. To, ta yaya maganar Inna za ta riski mutumin da ke cikin jirgi a tsakiyar dajin wata ƙasa? A wancan zamanin ba wayar hannu. Baffansa, wanda ya san mutane a can, harbi ya rutsa da shi a cikin gari wajen bakin kogi, ba mu ma san halin da yake ciki ba.

Da safiyar Alhamis wata ƙawata tun ta Kokoro ta shigo ta ƙofar baya neman gawayi, ta tarar da ni ina kuka. Mijinta shi ne mai yi wa 'yan kasuwar unguwa takardun shigo da kaya, mai takardu muke ce masa, kuma yana da waya a ofishinsa da ke titin Koudoukou. Ita ce ta ce min mijinta ya sha ba ta labarin cewa yanzu ma'aikatan jirgin Kamaru sun sa komai a cikin na'ura. Da, in kana son sanin inda kayanka suke, sai ka aika mutum ya bi tasha yana duba taragu ɗaya bayan ɗaya, ko ka zauna ka yi ta addu'a. Yanzu kuwa kowane tarago da sunan mai kayan yana cikin kwamfuta, abin da aka rubuta a Duwala ana ganinsa a Belabo nan take. Ta ce wa ya sani, wataƙila a iya aika masa magana ta nan.

Ban tsaya tunani ba, na ja mayafi. Inna ƙafafunta sun kumbura, tafiya tana yi mata wuya, don haka ta ce in je in isar da saƙonta. Tsakanin gidanmu da ofishin tafiyar minti goma ce a ranar lafiya. Ranar nan ta lunguna muka bi, muna manne da bango, in an yi harbi mu durƙusa, in an lafa mu tashi. Titin Koudoukou da na sani, wanda mutum ba ya jin maganar na kusa da shi saboda hon ɗin tasi da kiran masu canjin kuɗi, ya yi tsit, sai ledoji da wani kare da ke bin kwata. Shirun nan ya fi harbin ba ni tsoro.

Mai takardu ya ɗaga ƙofar ƙarfe kaɗan muka sunkuya muka shiga. Mutum ne mai sanyin hali, haifaffen Bangui, Hausarsa ta kasuwa ce, in ta ƙare masa ya koma Sango. Ba wuta a unguwar tun Talata, amma wayar tana aiki, ya ce ita da wutarta take zuwa. Ya saurare ni har na gama, ya ce akwai wata mata a ofishin kaya na tashar Duwala da suka saba aiki tare. Ya kuma yi min bayanin da ya sa na ji ƙarfi: a kan bayanin kowane kaya akwai wani ɗan gurbi da ake rubuta gargaɗi, kuma ma'aikacin Belabo ba zai iya buga takardar sakin kaya ba sai gurbin nan ya fito a gabansa. In aka sa saƙon a nan, dole maigidan ya gan shi kafin a ba shi motarsa.

Ya yi ta juya lambar, layi yana ƙin shiga. Ban ƙirga ba, amma na gama karanta duk addu'ar da na sani na koma farko. Can sai na ga ya miƙe zaune ya fara Faransanci da sauri. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya tambaye ni lambar taragon. Na ce ban sani ba, takardun duk suna hannun maigidan. Ya ce ba komai, a nema da suna. Na sunkuyar da kai na faɗi sunan da ke kan allon shago, karo na farko ke nan da na faɗe shi a gaban namiji. Ɗakin ya yi shiru har ina jin ƙarar maɓallan da matar ke bugawa a can Duwala, ƙas ƙas ƙas, ta cikin wayar. Sai ta yi magana. Mai takardu ya dube ni ya girgiza kai.

"Ta ce babu mai wannan suna."

Na ce ta sake dubawa. Ta sake, ta haɗa da sunan mahaifinsa, ta duba kayan da suka tashi tun farkon mako. Babu. A nan ne na zauna a kan wani kwali. Abin da ya zo min shi ne an sauke motar tun jiya, ya riga ya kama hanya, wataƙila ma a daidai lokacin nan yana tunkarar shingen da ke bakin gari. Na ga takalmin maƙwabcinmu a tsakiyar hanya, na ga ɗan da ke cikina yana tasowa ba uba. Na ji haushin na'urar nan kamar in shiga wayar in fasa ta. Yanzu da na girma na gane ba ta yi laifin komai ba, abin da aka ba ta shi ta nema.

Mai takardu ya roƙi matar ta zauna kusa da waya, ya ajiye, ya yi ɗan tunani. Sannan ya tambaye ni a hankali, kamar mai tsoron ya ba ni kunya.

"Madam, sunan nan da kika faɗa, shi ne a katinsa? Ku Hausawa kuna da suna na gida, kuna da na yanka. Injin nan bai san na gida ba."

Na ce masa wannan kaɗai na sani. Wata tara ina dafa wa mutum abinci, ina ɗauke da ɗansa, ashe ban san sunansa ba. Yau in na ba da labarin nan mata sukan yi dariya, ni ma nakan taya su, amma a ranar ba abin dariya a ciki. Ya duba agogo ya ce sha ɗaya ta wuce, jirgin kaya in bai makara ba bayan azahar zai shiga Belabo. Dattawan da suka halarci ɗaurin aurenmu wataƙila sun san sunan, amma wasu sun tsere daga unguwar, wasu sun kulle gida, wa zai bi ƙofa-ƙofa yana bugawa cikin harbi? Mutum ɗaya na tabbata ta sani.

Na tarar da Inna a inda na bar ta, a kan tabarma da carbi a hannu. Na durƙusa na ce, "Inna, sun ce sai da sunansa na yanka." Ta daɗe tana kallon bango, yatsunta sun tsaya a kan ƙwayar carbi ɗaya. Na yi zaton za ta raɗa min a kunne in koma da gudu, har na matso da kaina. Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe da ƙyar, ta ce in miƙo mata mayafi da takalmi. Na ce Inna ƙafarki, ga sojoji a hanya. Ta ce, "In zan faɗa, sau ɗaya zan faɗa, a kunnen wanda zai yi aiki da shi. Mu je." A lokacin na ji haushinta ƙwarai, ban ɓoye muku ba. A raina na ce ran ɗanki yana kan hanya kina ta al'ada.

Tafiyar da na yi cikin minti ashirin ita muka yi kusan awa guda. Inna ba ta iya durƙusawa in an yi harbi, sai dai ta tsaya cak ta rufe ido. Muna fitowa daga lungu na ƙarshe, ofishin na hango mu muna hango shi, muka yi kiciɓis da turugu uku, haka muke kiran soja da Sango. Har yau ban san na wane ɓangare ba ne. Ɗaya daga cikinsu, dogo mai jajayen idanu, da wandon soja da silifa, ya daka mana tsawa mu tsaya. Ya zo ya sa bakin bindiga ya ɗaga gefen mayafina, ya ɗora shi a kan cikina, ya ce me na ɓoye a nan. Ƙarfen yana da zafi, na ji shi ta cikin zane. Ɗan da ke ciki ya motsa a daidai wurin. Sangon da aka haife ni a cikinsa ya gudu ya bar ni, ko kalma ɗaya ban iya haɗawa ba.

Inna ce ta yi magana, ita da shekara talatin a ƙasar ba su gyara mata Sango ba. Ta sa hannu ta kama bakin bindigar kamar tana kawar da muciya daga gaban yaro, ta ce da gurɓataccen Sangonta, "Ɗana, jikana ne a ciki. Uwarka ma haka ta ɗauke ka." Na rufe ido ina jiran ƙara. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Wani daga cikinsu da ya ɗan manyanta ya ce da shi ya ƙyale tsohuwa, ya yi mana nuni da kai mu wuce. Sai da muka shiga ofishin aka saki ƙofar ƙarfe sannan Inna ta ci gaba da jan carbinta.

An yi kiran azahar daga wani masallaci can nesa, a gajarce, layi bai shiga ba. Mai takardu yana juyawa yana goge gumi, yana cewa "yeke yeke, Mama," wato a hankali, alhali shi ma muryarsa ta canza. Da layin ya shiga, ƙara ta cika shi, matar tana magana kamar daga cikin rijiya. Ya ce, "Mama, sunan." Inna ta so ta yi kewaye irin namu na mata. Ta ce ai mai sunan mahaifin Malam ne, Malam kuwa mijinta take nufi. Ya ce shi mahaifin Malam wa ke nan? Ta ce mai sunan wani liman ne da aka yi a garinsu. Ba wanda ya san limamin a ɗakin nan. Mai takardu ya haɗa hannu biyu ya ce, "Mama, don Allah, layin nan yanzu zai yanke."

Ta miƙa hannu ya sa mata wayar a kunne, ita da ba ta taɓa riƙe waya ba. Ta juya mana baya ta fuskanci bango, ta jawo mayafi ta rufe fuska. Sai ta faɗa. Ba da ƙarfi ba, amma ɗakin ya yi shirun da kowa ya ji. Wani tsohon suna ne mai nauyi, irin na mutanen da, kuma ta faɗe shi da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba, irin wadda ake yi wa jariri. Shekara talatin da huɗu sunan nan yana cikin bakinta bai taɓa fita ba, ko ranar suna. Kafin matar ta ce a maimaita, mai takardu ya karɓe wayar ya maimaita da kansa. Ban taɓa mance masa wannan ba.

Maɓallan suka sake ƙara. Sai na ga fuskarsa ta saki, ya fara faɗa mana abin da take karantowa: mota ɗaya, kat-kat, tana kan tarago, jirgin ya baro tasha ta ƙarshe kafin Belabo, ba a saki kaya ba tukuna. Ya ce gurbin rubutun ƙarami ne, layi biyu zuwa uku, Mama ta taƙaita. Inna tana fuskantar bango har yanzu ta ce, "A ce masa kowa lafiya. A ce masa kada ya taso. In ya taso ban yafe ba." Ya juya shi zuwa Faransanci. Sannan ya dubi bayan Inna, ya ƙara wata magana tasa da ban kula da ita ba a lokacin. Muna jin matar tana bugawa, sai layin ya mutu. Ya juya, ya juya, ko ƙara babu. Ba mu ji ta ce ta gama ba.

Kwana uku muka yi ba mu san ko saƙon ya shiga ba. A cikin duk abin da ya faru, waɗannan kwanakin ne suka fi cin raina. Duk motar da ta wuce sai in leƙa ta tsagar ƙofa, duk wanda ya taɓa ƙofa sai in ce an zo faɗa mana. Inna ba ta ƙara tayar da zancen ba, ba ta kuma yarda mun haɗa ido ba, kamar wadda na gani a wani hali da bai kamata ba. Ni kuma sunan yana ta yawo a kaina, ina son in gwada shi a bakina ina jin nauyi. Ranar Lahadi da hantsi mai takardu ya zo da kansa, yana haki, ya tsaya daga zaure ya ce layi ya dawo, maigidan ya bugo daga Belabo, yana nan bai taso ba. Inna ta ce alhamdu lillahi sau ɗaya, ta tashi ta shiga ɗaki ta ja labule. Ni a tsakar gida na zauna na yi kukan da na tara.

Sai bayan mako shida, da gari ya lafa, ya dawo. Ya bar motar a hannun wani mai masauki, ya hau bayan babbar motar albasa. Shi ne ya ba ni ƙarshen labarin. Ya ce tun a jirgi ya ji labarin harbin a rediyon wani fasinja, yana sauka ya sayi man da zai kai shi Bangui ba tsayawa. Ya je tagar karɓar kaya, ma'aikacin ya buga sunansa, ya tsaya, ya dube shi, ya bugo masa wata takarda mai huda-huda a gefe. Ya karanta layin farko da na biyu, ransa ya ɓaci. Ya ce a zuciyarsa tsoron matarsa ne aka sa a bakin uwarsa, Inna ina ta san waya. Har ya fara ninke takardar sai ya ga layi na uku, wanda mai takardu ya ƙara: mahaifiyarka ce da bakinta ta faɗi sunanka. Ya ce a nan gaban tagar ya zauna a ƙasa. Ya san abin da zai sa Inna ta faɗi wannan suna ba ƙarami ba ne. Wani abokin tafiyarsa da ya sauke tasa motar a ranar ya kama hanya. An tare shi a bakin gari, aka karɓe motar, kuma har ya rasu bai ƙara miƙe bayansa ba saboda dukan da ya sha.

Ranar da ya dawo ina tsaye a bakin ɗaki ya durƙusa gaban Inna, ya daɗe kansa a ƙasa. Can ya ce, "Inna, an ce kin kira ni." Ta kawar da kai ta ce, "Yaron nan, tashi ka je ka yi wanka, warin albasa kake." Har ta koma ga Allah ba ta sake faɗin sunan ba. Takardar mai huda-huda tana nan a cikin akwatina, rubutun ya dushe har ba ya karantuwa.

Abin da ranar nan ta koya min biyu ne, kuma sun daɗe suna faɗa da juna a raina. Na farko, kunyar da na ji haushinta a hanya ita ce ta tsayar da shi. Da Inna mai kiran sunansa ce safe da yamma, da ya ninke takardar ya tayar da mota. Na biyu, kunyar nan dai ta kusa sa mu makara, don na'ura ba ta san "yaron nan" ba, ba ta san "maigidan" ba, kuma ranar da za a bukaci suna ba ta yin sallama. Ɗan da ke cikina a ranar shi ne ɗana na fari, ni ma ban kiran sunansa, yaron nan nake ce masa. Amma ranar da aka kawo masa mata, bayan 'yan rakiya sun watse, na kira ta ɗakina na rufe ƙofa. Na iya rubutu, da na so da na rubuta mata a takarda. Na juya na fuskanci bango, na faɗa mata da bakina, sau ɗaya, na ce ta riƙe.